Motata tana kuka in na taka totur, an ce sai na sauya giya

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2007 mai giyar otomatik, shekara uku ke nan tana hannuna. Tun bayan damina ta fara wani siririn kuka kamar jiniya daga nesa: in na taka totur ya hau, in na ɗaga ƙafa ya sauka. Da daddare in na kunna fitilu da esi sai ya ƙara ƙarfi. Sau biyu na wayi gari batir ya yi sanyi, sai da aka haɗa mini da na wata mota. Wani makanike ya shiga muka zaga layi ɗaya, ya ce giya ce ta fara mutuwa, in je Ƙofar Ruwa in nemo wata. Wani kuma ya ce in zuba maganin giya na gwangwani, kukan zai tafi. Kuɗin giyar ya fi ƙarfin albashina, ga kuɗin makarantar yara ya taho. Mece ce shawararku?

Wani ma'aikaci daga Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya rufa asiri, ya hore na makarantar yara.

Ka riƙe kuɗinka tukuna. Kada ka sayi giya, kada kuma ka zuba mata maganin gwangwani. Babu wanda zai iya yanke wa giya hukunci da zagaye ɗaya a cikin unguwa, kuma abubuwa biyu da ka faɗa da bakinka, wato ƙaruwar kukan in ka kunna fitilu da mutuwar batir da safe, ba giya suke nunawa ba. Altaneta suke nunawa, na'urar da ke cajin batir. Amma mu ma ba mu ji kukan da kunnenmu ba, don haka ba za mu ce ka je ka sayi altaneta a kan maganarmu ba. Akwai gwaje-gwajen da za su nuna maka mai laifin, kuma yawancinsu ko sisi ba za su ci maka ba.

Abin da ake fara tambaya a kan kowane kukan mota shi ne: me yake bi? Juyin inji yake bi, ko gudun taya? In kana tafiya ka taka totur duka biyun suna ƙaruwa tare, shi ya sa kunne yake ruɗewa, shi ya sa kuma ake yawan ɗora wa giya laifin da ba nata ba. Sai an raba su.

Ka ajiye motar a fili, ka ja birkin hannu, ka sa ta a P, ka kashe rediyo gaba ɗaya. Kada ka raina maganar rediyon. Akwai kukan da a lasifika kawai yake fitowa, yana hawa da sauka tare da totur, saboda wayar da aka ɗaure a jikin mota ta kwance ko wani ya haɗa amfilifaya ba bisa ƙa'ida ba. In kashe rediyo ya kashe kukan, aikin mai wayarin ne. In bai kashe ba, sai ka taka totur a hankali, kana kallon agogon juyin inji daga silo, wajen 700, har zuwa 3,000, ka saki. Ka maimaita sau uku. Idan kukan ya fito mota tana tsaye, taya ba ta motsa ba, ka cire boris ɗin taya da haƙoran giya daga lissafi. Abin da ke kuka yana juyawa ne tare da inji.

Injin motarka, in irin wanda Toyota ke kira 1ZZ-FE mai lita 1.8 ne, fanbel guda ɗaya ne yake jan komai a gefensa: altaneta, famfon ruwa, kwamfireson esi, da famfon sitiyari in taka mai amfani da mai ce, kamar waɗanda aka shigo da su daga Amurka. Akwai kuma tanshina, ƙarfen da ke tsuke bel ɗin, da fulinsa, wato 'yar tayar da bel ke bi ta kanta. Kowane ɗayansu yana da boris a ciki, kuma kowane boris in giris ɗinsa ya bushe kuka yake yi. Damina tana da hannu a nan. Shiga ruwan da ya kai tsayin inji, ko wankin inji da famfo mai ƙarfi, yana tura ruwa da yashi cikin boris su wanke giris, sai bayan makonni kukan ya bayyana.

Yanzu sai ka ɗora wa kowanne lodi shi kaɗai, inji yana silo, ka saurara. Ka kunna manyan fitilu, da fankar cikin mota a lamba ta ƙarshe ba tare da danna esi ba, da na'urar ɗumama gilashin baya. In kukan ya yi kauri, altaneta ce, domin ita ce ka ƙara wa aiki. Ka kashe su duka, ka danna esi kaɗai. In kukan ya zo ko ya sauya a daidai lokacin da ka ji kwamfireso ya kama da "ƙas", wajensa za a duba. Ka kashe, ka murza sitiyari zuwa dama da hagu. In ya koma gurnani yana ƙaruwa da murzawa, famfon sitiyari ne. A wasiƙarka ka haɗa fitilu da esi wuri guda. Raba su ɗin nan shi zai fara warware maka zaren.

Daga nan sai a buɗe bonet. Kafin ka sunkuya kan inji mai aiki, ka cire babbar riga, ka naɗe hannun 'yar ciki, ka cire carbi ko katin aiki da ke wuyanka. Bel ba ya jira, kuma fankar lagireto tana tashi da kanta ba tare da sanarwa ba. Ka ɗauki doguwar sukudireba, ka ɗora bakinta a jikin altaneta, wurin da ba ya juyawa, ka manna mariƙin a ƙashin da ke gaban kunnenka. Lafiyayyen boris za ka ji shi yana shuu, sumul, kamar ruwa a bututu. Wanda ya lalace za ka ji shi yana kurza, kamar ana niƙa tsakuwa a ciki. Ka yi haka a kan notin tsakiyar tanshina, da jikin famfon sitiyari, da jikin kwamfireso. Ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi nesa, saboda haka za ka ɗan ji kukan a ko'ina. Inda ya fi ƙarfi da kaifi kake nema.

Shi kansa bel ɗin yana iya yin ƙara, amma nasa ya fi kama da ƙarar tsuntsu ko ƙugin roba, musamman da sanyin safiya. Ka fesa masa ruwa kaɗan ta ɓangaren layukansa. In ƙarar ta ƙaru, bel ɗin ya saki, tanshina ta gaji. In ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, ko dai bel ya cinye ko wani fuli ya karkace daga layi. In ruwan bai sauya komai ba, boris ne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ɗabi'ar shafa wa bel sabulu, ko man birki, ko baƙin mai don ya yi shiru. Shirun na yini ɗaya ne, robar kuma ta kumbura ta lalace, ta fara sulɓi a kan fuli. Ka kuma sani bel ɗin zamani ba ya tsattsagewa kamar na da. Layukansa ne ke cinyewa a hankali har ya zauna a ƙasan fuli ya daina kamawa, yana nan da kyan gani.

Gwajin da ke raba gardama shi ne cire bel ɗin gaba ɗaya, kuma shi ya kamata makanikenka ya yi kafin ya ambaci giya. Da inji mai sanyi ake yi. A ɗauki hoton yadda bel ya zagaya fulaye da waya, don kada a manta. A sa sifana mai lamba 19 a kan tanshina, a danna a hankali, domin tana da ɗan shokozoba a jikinta wanda fizga ke lalatawa, a zare bel. Sannan a tayar da mota, a ɗan taka totur, a saurara. Kada a wuce minti ɗaya, saboda famfon ruwa ba ya juyawa a wannan lokaci. Fitilar batir za ta kama, wannan ba komai. In kukan ya ɓace, magana ta ƙare: mai laifin yana cikin abubuwan da bel ke ja, giyarka ba ruwanta. A kashe mota, a juya kowane fuli da hannu. Mai lafiya yana juyawa da ɗan nauyin giris, ba ƙara. Wanda ya bushe zai yi ta gudu shi kaɗai yana sharr kamar tayar keken yara, ko ka ji gargada a yatsunka. A kuma girgiza kowanne gaba da baya. Bai kamata ya yi wasa ba. A leƙa ƙarƙashin famfon ruwa, in akwai busasshen sawun ruwan lagireto, ja ko fari, shi ma ya kusa.

Bari mu tsaya a kan altaneta, tunda ita muka fi zargi. Hanya biyu take kuka. Ta farko boris, na gaba ko na baya, wanda hannu zai gano a gwajin da ya gabata. Ta biyu ba ta jin hannu: za ka juya fulin ka ji shi lafiya lau, amma da an tayar da inji kukan ya dawo. Altaneta wuta mai kai da komo take haifarwa, irin ta gida, sai wasu ƙananan na'urori da ake kira dayod, aƙalla shida, su miƙar da ita ta zama irin wadda batir ke karɓa. In ɗaya ya ƙone, sauran suna ɗaukar nauyinsa, altaneta ta yi zafi fiye da ƙima, ta riƙa wani siririn kuka da ke bin totur daidai wa daida. Dayod ɗin da ya ƙone yana iya barin wuta ta riƙa komawa baya daga batir cikin dare, mota a kashe. Ka ga inda mutuwar batir ɗinka da safe za ta iya shigowa.

Mitar auna wuta ce ke tabbatar da wannan, kuma kowane mai wayarin na kirki yana da ita. Mota a kashe, ta huta, cikakken batir zai nuna bolt 12.4 zuwa 12.6. Inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, kuma kada ya faɗi ƙasa da 13 in an kunna fitilu an ɗan ba ta wuta. Sai a juya mitar zuwa ma'aunin wuta mai kai da komo, a auna a bayan altaneta. Lafiyayya kusan ba ta nuna komai. In ya kai rabin bolt, dayod ya tafi. Wani abu da muke roƙonka da shi: kada ka bari kowa ya cire kan batir inji yana aiki wai don ya ga ko altaneta tana caji. Dabara ce ta zamanin motocin kafireto. Motarka tana da kwamfuta, batir ne ke shanye tsallen wuta, kuma cire shi yana iya ƙona kwamfutar ko ya ƙarasa dayod ɗin da suka rage.

In ta tabbata ita ce, ba dole sai sabuwa ba. Ana buɗe altanetar Denso da ke kan waɗannan motoci, a sauya boris biyun tare, a sauya farantin dayod in shi ne, a duba burushi tunda an riga an buɗe. Ka nace a sa boris mai kyau mai rufi ta fuska biyu, a kuma matsa shi da na'ura. Wanda aka buga da guduma tun ranar farko ya samu rauni. In kuwa wayoyin cikinta sun yi baƙi suna warin ƙuna, gara ka sayi wata, a gwada ta da mita a kan motarka kafin ka biya. A cire kan batir mai alamar ragi kafin a taɓa wayar bayanta. Bayan gyara a cika batir da caja a gwada shi. Batir ɗin da ya mutu sau biyu yana iya kasa riƙe wuta, kuma mataccen batir yana sa altaneta aiki ba hutu har ta sake ƙonewa.

In gwaji ya nuna sitiyari, ka fara da buɗe ɗan tulun mansa inji yana aiki, ka haska da fitilar waya. Lafiyayyen mai ja ne garau, yana zagayawa shiru. In ka ga kumfa ta taso kamar an girgiza zoɓo a gora, iska ce ke shiga, ko don mai ya yi ƙasa, ko don tiyon da ke kai mai famfo ya bushe ya saki a bakinsa. Famfon da ke haɗiyar iska dole ya yi kuka, ko da sabo ne. A sauya tiyo da maɗaurinsa, a zuƙe tsohon mai da sirinji, a zuba sabo. Toyota ta wannan zamani man giyar otomatik nau'in Dexron take sha a sitiyari, kuma an rubuta a murfin. Sannan a ɗaga gaban mota a jak, inji a kashe, a murza sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau ashirin a hankali, ana ƙara mai, kafin a tayar. Kada a danne sitiyari a ƙarshensa fiye da daƙiƙa biyar inji yana aiki. Masu Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 da ke karanta wannan, ku lura: naku kukan sau da yawa wani ɗan zoben roba ne a bakin famfo yake taurara ya bar iska ta shiga, kuma Honda nata man sitiyari daban ne, ba a zuba mata man giya.

In ƙarar ta fi kama da fito, a duba babban tiyon iska da ke tsakanin akwatin filta da totur, a lanƙwasa shi a ga ko ya tsage a cikin lungunansa, a duba ko an rufe akwatin daidai. Kukan famfon fetur kuwa daga ƙarƙashin kujerar baya yake zuwa, ba ya hawa da totur, kuma ya fi damun masu yawo da tanki a ƙasa.

To, in an cire bel kukan bai tafi ba, ko kuma tun farko ba ya fitowa sai mota tana tafiya, a nan ne za a waiwayi giya da ƙafafu. Ka samu miƙaƙƙen titi mara cunkoso, ka kai gudun kilomita 60, ka ɗaga ƙafa ka tura ta firi, wato N, na 'yan daƙiƙu, inji yana aiki. Kada ka kusanci makulli. In juyin inji ya sauka amma ƙarar tana nan yadda take, gudun taya take bi. Ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama. Ƙarar da ke ƙaruwa in ka yi hagu yawanci boris ɗin dama ne, domin shi nauyi ya koma wa, haka ma akasinsa. Tayar da ta ci gefe ɗaya ita ma tana irin wannan gurnani, shafa ta da tafin hannu zai nuna maka. Ƙarar da ke zuwa in ka taka, ta ɗauke da ka saki, a wani gudu na musamman, ita ce ta haƙoran ƙarshe da ke raba ƙarfi zuwa tayoyi.

Ita giyar da manta ake fara mata tambaya. Ka yi tafiyar kamar minti goma sha biyar ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai daidai, inji yana aiki, ƙafa a birki, ka bi da hannun giya daga P har L kana ɗan tsayawa a kowanne, ka dawo P. Ka zaro gejin man giya, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ya kamata man ya tsaya tsakanin alamomin zafi. Ka ɗiga shi a farar takarda. Ja mai haske lafiya ne. Ruwan ƙasa ya tsufa. Baƙi mai warin ƙuna yana nufin farantan cikinta sun fara cinyewa. In kuma ya yi kamar an zuba madara a ciki, ruwa ya shiga, a daina tuƙa ta. Mai in ya yi ƙasa, ko matatar da ke cikin kaskon giya ta toshe, famfon giyar yana jan iska ya yi kuka mai bin totur ko a P, kuma za ka ji shi ta ɓangaren giya. Wannan gyaransa mai sauƙi ne: a toshe inda yake yoyo, a sauke kasko, a sauya matata da gaskit, a auna man da ya fita a mayar da daidai shi, wajen lita 3 zuwa 4. Nau'in da aka rubuta a geji ko a littafin mota za a zuba. Toyota da yawa na waɗannan shekaru T-IV suke sha, na bayansu WS, kuma ba a musanya su da duk jan man da aka samu a bakin titi. Idan an sauke kaskon ka tsaya ka ga maganaɗisun da ke cikinsa da idonka. Laushin toka-toka kamar kwalli abu ne da aka saba gani. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da yatsa ke ji, shi ne shaidar da za ta sa a fara maganar buɗe giya.

Giyar da ke mutuwa ba kasafai take tsayawa a kuka kaɗai ba. Tana jinkirin kamawa in an sa D ko ribas, tana fizga wajen sauyi, ko inji ya yi ta ihu mota ba ta ja. Ba ka ambaci ko ɗaya ba. Maganin gwangwani kuwa ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Wani yana kaurara mai, wani yana kumbura roba, kuma zuba shi a giyar da ba ta da ciwo neman ciwo ne.

Kafin ka samu zuwa gareji za ka iya zuwa aiki da ita a cikin gari, amma ka ɗage doguwar tafiya, musamman ta dare, kuma kada ka bar abin ya wuce mako ɗaya ko biyu. Boris ɗin da ke kuka ƙarshensa ya cije, in ya cije bel ya tsinke, kuma bel ɗaya ne ke jan komai. In kana tafiya ka ga fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi lokaci guda, ka gangara gefe ka kashe inji nan take, ko da gida saura kilomita biyu, domin famfon ruwa ya riga ya tsaya kuma allurar zafi za ta fara hawa cikin 'yan mintuna.